Ranar da Na Wanke Tukunyar Gwaggo

A ɗakin binciken da na yi shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Damagaram, mu huɗu ne muke raba tebur biyu da firigo ɗaya na sanyaya samfuri. Kowa da abin da ya sa a gaba. Wani yana bin rijiyoyin ƙauye yana ɗebo ruwa a kwalabe, yana neman abin da ke rina haƙoran yara. Wata tana kama sauro da rai tana duba masu ɗauke da zazzaɓi. Na ukun ɗan fizik ne da aka ara wa wuri cikinmu saboda ɗakinsu ya cika. Shi kullum yana kan rufin gini da wayoyinsa yana auna zafin rana, sai ka ce akwai wanda ya taɓa musun cewa garin nan da zafi. Ni kuwa daddawar batso na zo da ita.

Ba su taɓa yafe mini ba. Ga wanda bai sani ba, batso ita ce daddawar da ake yi da gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, kuma warinta ba ya sallama kafin ya shigo. Da na buɗe kwanon samfurina sai mai sauro ta ja gyale ta toshe hanci, ta ce in tausaya wa ƙwarinta kada su mutu kafin ta gama da su. Ina taya su dariya, amma a raina haushi nake ji, domin duk cikinsu babu wanda bai girma da miyar batso ba. Sun sa farar riga ne kawai suka manta.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan aiki shi ne Gwaggo, yayar mahaifina. Gidanta yana cikin Birni, a wani lungu mai yashi da ɗan kabu-kabu ba ya yarda ya shiga. A bakin hanya yake sauke ka, daga nan hancinka ya ƙarasa da kai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta maza biyu suna can nesa wurin neman abinci, ita kuma daddawa ce cinta da suturarta. Sana'ar ta gada daga mahaifiyarta, kakata, wadda aka sa mini sunanta. Saboda haka Gwaggo ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini, ko da kuwa zagina za ta yi. Mace ce mai tsananin jin kai. Ko garwashin wuta ba ta taɓa aikawa maƙwabta a ɗebo mata ba. In ashana ta ƙare gara ta yi tafiya har bakin kasuwa da ƙafarta.

Tun ina ƙarama na san yadda aikin yake tafiya. A sheƙe gurguzu, a wanke, a ɗora a babbar tukunyar ƙarfe tun hantsi har la'asar, ana ƙara ruwan toka na karan gero, sai ƙwayar ta yi laushin da za ta murje tsakanin yatsu biyu. Daga nan a tsane, a juye da ɗuminsa cikin wata tukunyar ƙasa da ke kusurwar wani ɗan ɗaki a bayan gida, a rufe da wani tsohon buhu, a ja ƙofa. Bayan kwana biyu a kwaso a daka, a mayar, ta ƙara kwana, sannan a dunƙula a shanya a tabarma a tsakar gida. Wannan tukunyar ƙasa Gwaggo ke kira Tsohuwa. Ta kakata ce, kuma ba wanda ya san lokacin da aka gina ta. Ba a wanke ta. In an kwashe daddawa sai Gwaggo ta bi cikinta da sakaina ta kankare sama-sama, ta kife ta a kan duwatsu uku. Cikinta baƙi ƙirin ne, da wani kauri mai maiƙo kamar bayan tsohon kasko. Buhun ma haka, ya yi tauri har yana iya tsayawa da kansa.

Mata daga unguwar Zango suke tattaki su zo saye, alhali ga daddawa jibge a kasuwa kusa da su. In an yi baƙi na kunya, ko za a kai wa mai jego miya, ta Gwaggo ake nema. Ita ma ta san da haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

Ranar da na fara zuwa ɗaukar samfuri, ta tsaya a kaina hannu a ƙugu tana kallon kayan da nake fiddawa.

"Me za ki yi da auduga a kan tsinke, Uwata?"

"Cikin Tsohuwa zan shafo, Gwaggo, in kai labo, ɗakin bincikenmu, in ga abin da ke ciki."

"Abin da ke ciki? Daddawa ce a ciki. Sai kin je lakwal wurin ƴan boko za a gaya miki?"

Na yi mata bayani gwargwadon iyawata, cewa akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ne suke shiga gurguzun su narka shi su mai da shi daddawa. Ta saurara har ƙarshe, ta taɓe baki.

"To in kin gan su ki gaishe su," ta ce. "Ki ce musu sun iya aiki."

Na kuwa gan su. Ba zan manta ranar da na fara ɗora abin da na shafo a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba. Ƴan sanduna ne siri-siri, birjik, wasu a jere kamar an ɗaura su baki da baki. Na daɗe ido a manne, wuyana ya ƙage ban sani ba. Abin da na yi shekaru ina wucewa ta gefensa ina toshe hanci, ashe gari ne guda cike da masu aiki. Na ji daɗi a ranar irin daɗin da ban taɓa ji a aji ba.

Wata uku na yi ina ɗaukar samfuri daga kowane mataki: dafaffen gurguzu, cikin tukunya, turmi, da busasshiyar daddawa a kan tabarma. Kowane na shuka shi a ƴan faranti masu murfi, in sa a ɗumi, in jira in ga abin da zai tsiro, in rubuta a littafina. A cikin haka ne wasu baƙi suka bayyana, irin ƙwayoyin da ake samu a cikin hanjin dabba, waɗanda in sun yi yawa suke ɓata ciki. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Dattijo ne mai magana a hankali, ba ya ɓata kalma. Ya duba ya ce, "Nemo ta inda suke shigowa."

Ban nema ba. A raina na riga na san mai laifi. Yanzu da nake wannan rubutu zan iya faɗin abin da a lokacin ko kaina ban gaya wa ba: tun ina firamare nake jin kunyar tukunyar nan. In na kwana gidan Gwaggo na wuce lakwal da safe, yara suna shinshina rigata suna matsawa gefe. Na girma, na yi karatu, na ce zan ɗaukaka sana'ar gidanmu, kuma da gaske nake, amma waccan yarinya da aka matsa wa gefe tana nan a cikina tana jiran ranar da za ta samu sabulu. Da na ga baƙin ƙwayoyi a faranti, ban ga tambaya ba, izini na gani.

Sai aka yi rasuwa a dangin mijin Gwaggo a Mirya, ta tafi zaman makoki na kwana uku. Ta bar mini makulli don in riƙa ba awakinta dusa da ruwa.

Ranar Asabar da sassafe na iso da kayana. Na tsai da mai ga-ruwa ya sauke mini ruwa bido-bido, jarka bayan jarka, a garin da kowa ya san darajar ruwa, maƙwabciya har ta leƙo ta tambaya ko biki za a yi. Na mirgino Tsohuwa tsakar gida. Na fara da wuƙa, na bi da soson ƙarfe da garin sabulu. Baƙin yana ɓantalowa ɓawo-ɓawo, a wani wurin ya kai kaurin yatsa. Wajen hantsi na fara ganin jar ƙasar da aka gina ta da ita, har da sawun yatsun maginiyar a ciki. Na ɗauraye, na cika ta da ruwa, na tuttula ruwan jabel, irin wanda muke kashe ƙwayoyi da shi a labo, na bar ta ta jiƙa har azahar. Turmi da taɓarya ma na bi su. Buhun kuwa na ɗauka da sanda na kai bayan gida na cinna masa wuta. A madadinsa na yanko farin yadi sabo a kasuwar Zango, na ninke na ɗora a bakin tukunyar.

Hannuwana sun yi kwana biyu suna zogi, amma kaina ya kumbura. Har na tsara a raina yadda zan rubuta shi a babin ƙarshe na aikina, gyaran da aka kawo wa sana'ar gargajiya.

Ina gidan ranar da ta dawo. Ta aje ƙunshinta, ta sha ruwa, ta tambayi awaki, sannan ta nufi ɗan ɗakin kamar yadda ta saba. A bakin ƙofa ta tsaya cak.

"Warin gidan likita nake ji," ta ce.

Na matso ina murmushi. Ta shiga, ta ɗage farin yadin da yatsa biyu, ta leƙa. Ta durƙusa ta zura hannu har kafaɗa, ta shafa cikin tukunyar a hankali, ta fito da hannun ta dube shi. Babu abin da ya biyo shi.

"Buhun fa?"

"Na ƙona shi, Gwaggo. Ai ya…"

Ban ƙarasa ba. Na yi tsammanin faɗa, domin Gwaggo ba ta ƙyale ko kaza in ta taka mata shanya. Da ta yi faɗan da na samu abin kare kaina, ina da jawabi a shirye. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta ninke yadin ta miƙo mini.

"Sannu da aiki, Malama," ta ce.

Daga ranar na zama Malama. Ban san kalma tana iya yin sanyi haka ba.

Ta ɗora gurguzu washegari kamar kullum. Bayan kwana biyu aka buɗe, yana nan yadda aka zuba shi, sai tsami da warin jabel, don ƙasar tukunyar ta sha shi ta ƙoshi. Ta zubar. Ta ɗauraye tukunyar sau ba adadi, ta kife ta a rana mako guda, ta sake gwadawa. Wannan karon ya ruɓe ne kawai, ya yi baƙin gashi-gashi a sama, ko awaki sun ƙi kusantarsa. Na uku ma haka. Kowane gwaji wuni guda ne a bakin wuta da itace da gurguzu, ga mace mai shekaru.

Matan Zango suna zuwa da kwanoninsu, tana ce musu babu yau. Suka riƙa dawowa, sannan suka rage. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta saro ta kasuwa ta riƙa sayarwa kafin abu ya daidaita, ai ba mai ganewa. Gwaggo ta yi mata kallon da bai bar ta ta ƙara zama ba. Wata rana ina shigowa lungun na ji wasu mata biyu suna fita, ɗaya tana cewa, "Tsufa ne, hannun ya tafi. Haka abin yake." Na tsaya jikin bango har suka wuce. A nan na gane cewa Gwaggo ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ba. Ta bari ana cewa hannunta ya mutu, da dai a ce ƴar ƙanenta mai karatu ce ta yi ɓarna. Ko mahaifina bai sani ba sai da na gaya masa da bakina. Wannan rufin asiri ya fi mini kowane zagi ciwo.

Duk da haka, sai da na je labo kafin na yarda da girman abin da na yi, don a lokacin ba na gaskata komai sai na gan shi a faranti. Na sake shafo cikin Tsohuwa na shuka. Kwana ɗaya, kwana biyu, farantin yana nan fes, ba ɗigo ko ɗaya. A aikinmu faranti mai tsabta abin alfahari ne, yana nuna hannunka bai kawo datti ba. Ni wannan da na ɗaga shi a hasken taga, abin da ya nuna mini shi ne ban bar komai da rai a cikin Tsohuwa ba.

Na kai wa malamina farantin, na gaya masa komai. Ya karɓi littafina ya buɗe, ya juya shafuka, ya ɗora yatsa a wani layi.

"Karanta mini. Samfurin cikin tukunya, ƙwayoyin hanji."

"Babu," na ce.

Ya sauko da yatsan. "Na turmi."

"Babu."

"Busasshiya, ta kan tabarma."

Na dubi layin. Kowane mako, da rubutun hannuna, a nan kaɗai suke fitowa. Tabarmar tana shimfiɗe a ƙasa, kaji suna ratsawa, awaki suna tayar da ƙasa a gefenta, ƙuda na sauka. Tukunyar ba ta taɓa ɗauke da su ba. Ɗuminta da ruwan tokar da ƴan sandunan nan ba su barin baƙo ya zauna.

"Kin yi tambaya mai kyau, kin samu amsa, kin ƙi karantawa," ya ce. "Ɓarayin suna tsakar gida, ke kin shiga ɗaki kin kashe ma'aikata."

Ya mayar mini da littafin ya ce in je in yi tunanin abin da ya rage a hannuna.

Abin da ya rage shi ne iri uku na ƴan sandunan da na ware tun farko na adana a firigo. Na raya su a kwalba, na yi kwanaki ina lallaɓa su kamar jinjiri. Na sa aka kawo mini sabuwar tukunya daga maginan Mirya. Ɗan fizik ɗin nan da nake wa dariya shi ya zana mini gadon shanya mai ƙafafu dogaye da rufin raga, ya lissafa yadda iska za ta ratsa, kafinta ya haɗa. Na ɗora duka a amalanke na kai Birni. Gwaggo ta dubi gadon, ta girgiza shi ta ga ƙarfinsa, ta nuna inda za a aje. Da na fito da kwalbar na fara bayani, ta katse ni.

"Zuba, Malama. Me ya rage da za ki ɓata?"

Na zuba a kan gurguzu mai ɗumi, muka rufe. Bayan kwana biyu da na sa hannu a jikin tukunyar na ji zafi. Muka buɗe, ga yauƙi yana bin ludayi, ga warin da na yi shekaru ina gudu ya bugi fuskata, na ji kamar in rungume shi. Aka daka, aka mayar, aka shanya a sabon gado. Gwaggo ta ɓallo kaɗan ta ɗora a harshe, ta juya shi a baki.

"Daddawa ce," ta ce. "Irin wadda ake sayarwa a tasha."

Gaskiya ta faɗa, ni ma na ji. Ta yi, amma ba ta da zurfi, ɗanɗanon yana tsayawa a bakin harshe ya ɓace. Na daɗe ina juya wannan a raina. Iri uku na adana, kuma na zaɓe su ne don su suka fi tsirowa da kyau a farantina, su suka fi sauƙin ganewa. Waɗanda ba su son abincin da nake ba su, ko masu jinkirin tashi, ko waɗanda ba su rayuwa sai a gefen wasu, ban ma taɓa sanin suna nan ba. Shekara da shekaru suna zaune tare a cikin baƙin nan, kowane kwashi yana barin na baya, tun hannun kakata. Ni na zo wata uku na ƙirga waɗanda suka amsa kirana, na ɗauka su ke nan mutanen garin.

Bayan mako guda Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi shirin fita, da mayafinta na zuwa unguwa.

"Ki nemo mana mota. Gaffati za mu."

A hanya ta gaya mini dalili, tana kallon gonakin gero ta taga. Akwai wata mata a wani ƙauye can, wadda take kawo mata gurguzu duk kaka. Na san ta da fuska, amma ban san tarihinta ba. Ashe tun tana budurwa ta zauna a gidan kakata ta koyi sana'ar. A al'adar masu wannan aiki, in wadda ta koya za ta tafi gidanta, uwar ɗakinta takan yanko mata gefen buhu, ta kankaro baƙin tukunya ta shafe mata cikin sabuwar tata. Ba a saye, ba a kuma roƙa, babba ce ke ba ƙarama. Shekaru Gwaggo ta yi tana kushe daddawar matar nan, tana ce mata ta ƙauye, a gabanta ma, cikin wasa da ba wasa ba. Yau ga shi za ta je ta miƙa hannu.

Matar ta tarbe mu da murna da mamaki, don Gwaggo ba ta taɓa taka gidanta ba. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, aka kawo fura. Gwaggo ta tambayi damina, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikin mai gida, ta koma kan damina. Ina kallon yatsunta suna murza bakin mayafi. Har inuwa ta matsa ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Can ta aje ludayi ta sunkuyar da kai.

"Roƙo na zo yi," ta ce. "Gefen buhunki nake so, da ɗan abin cikin tukunya."

Matar ta dafa ƙirji. "Haba Yaya, wane irin roƙo? Ai naku ne, ajiya aka ba ni. Lafiya dai?"

"Tsohuwa ce ta gaji."

Na ji ba zan iya zama a kan wannan ba. Na ce, "Ba gajiya ta yi ba, Inna. Ni na wanke ta."

Matar ta juyo ta dube ni. "Kika wanke? Da me?"

"Da jabel."

Ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa. Ta yi dariya har da hawaye, tana dafa gwiwa tana cewa Allah sarki ƴan lakwal. Ban ji haushi ba, na cancanta. Gwaggo ba ta yi dariya ba, amma ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido tun ranar da ta dawo daga Mirya. Matar ta share ido ta shiga ɗaki da wuƙa, ta fito da yanki mai faɗin tafin hannu biyu, da ƴar ƙwarya da ta kankaro baƙi a ciki. Ta durƙusa ta miƙa wa Gwaggo hannu bibbiyu, kamar ita ce mai karɓa.

A mota Gwaggo ta rungume ƙwaryar a cinya, duk fasinjoji suna waige suna neman inda wari ke fitowa. Mun kusa shiga gari ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Matsa mini kaɗan, Uwata, kin danne mini mayafi." Na matsa, na juya fuskata wajen taga don kada a ga idona.

Ta shafe sabuwar tukunya da baƙin, ta ɗinke yankin a tsakiyar wani buhu, ta ci gaba da aiki. Kwashin farko ya fi nawa, na biyu ya fi na farko. Cikin tukunyar ya fara duhu. A hankali kwanonin Zango suka dawo, har na ji da kunnena ana cewa hannun tsohuwa ya dawo, dama jinya ce ta taɓa ta. Ni kuma na gama rubutuna, na tsaya gaban malamai na kare shi, aka yaba gadon shanya, domin tun da aka daina shanya a ƙasa baƙin ƙwayoyin ba su sake fitowa ba. Labarin wankin tukunya layi biyu na ba shi, cikin irin harshen da muke rubuta bincike da shi, wanda ba ya nuna wa ya yi kuka. Na ɗauka magana ta ƙare, an yi ɓarna an gyara.

Wajen wata takwas bayan zuwanmu Gaffati, wata Juma'a da rana, na biya gidan na tarar ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka. Ta zuba mana a kwano ɗaya. Na kai loma biyu, na lura ita ba ta ci, ni take kallo.

"Ya kika ji?"

"Ta dawo, Gwaggo. Sak irin ta da."

"Tsakaninki da Allah. Ba don ki faranta mini ba."

Na ƙara loma, na tsaya na saurari bakina da kyau, don na san ba ta son amsar ladabi. Na ce tsakanina da Allah ban ji bambanci ba. Kuma gaskiyata ke nan.

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ba ta dawo ba," ta ce. "Wannan mai kyau ce, ba na raina ta. Amma ta Innata, kakarki, tana da wani ɗan ɗaci can a ƙarshen maƙoshi, sai bayan an haɗiye yake zuwa, kamar mutum ya tafi ya waiwayo. Kullum in na buɗe tukunya shi nake jira. Na aika wa ubanki, ya ce sak. Matan Zango sun ce sak. Na ce bari in ji ke, tunda ke kin iya ganin abin da ba a gani."

Babu faranti ko madubi a duk ɗakin bincikenmu da zai nuna mini abin da take nufi, kuma inda zan je in nemo shi ni na cika shi da jabel. Abin da ya rage na wannan ɗanɗano a duniya yana kan harshen mace ɗaya mai furfura da ke zaune a gabana.

"Tunda ke ma ba ki ji ba," ta ce, "to ni kaɗai na yi rashin."

Ta turo kwanon gabana ta ce in ci kada ya huce. Na ci gaba da ci, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.